Tsohon Hannu a Sabuwar Kasuwa: Abin da Kimiyya Ta Gano Game da Neman Aiki Bayan Daɗewa a Wuri Ɗaya

A ɗauki misalin wani malamin kimiyya wanda ya shekara 22 yana koyarwa a makarantar sakandare guda. Lokacin da aka ɗauke shi, da hannunsa ya rubuta takardar neman aiki, ya kai ta ofishin shugaban makaranta, ya zauna gaban mutum uku suka yi masa 'yan tambayoyi, bayan mako biyu aka kira shi ya karɓi takardar kama aiki. Yau ga shi an rufe makarantar, ga iyali, ga kuɗin makarantar yara, tilas ya sake fita nema. Ya cika fam goma sha biyar ta intanet, amma ko amsar ban haƙuri bai samu ba. Abin da ya fara zuwa zuciyarsa shi ne ko dai shekaru sun ci ƙarfinsa, ko kuwa ilimin da ya tara ya daina amfani.

Irin wannan hali ya sha faruwa ga jama'a masu yawa a ƙasar nan. Lokacin da aka haɗe bankunan Nijeriya a 2005, suka koma 25 daga 89, ma'aikata da dama sun wayi gari ba su da kujera. Haka kuma rufe masaƙun Kaduna, irin su KTL a 2002 da UNTL a 2007, ya bar dubban mutane waɗanda ba su taɓa sanin wani wurin aiki ba suna yawon nema. Wannan muƙala za ta duba yadda hanyar ɗaukar ma'aikata ta sauya, da abin da bincike ya gano game da ita, da kuma abin da ke faruwa cikin ƙwaƙwalwa da jikin mai nema wanda ya manyanta.

Dalilin da ya sa aka shigo da na'ura

Babban dalili shi ne yawan masu nema. A ranar 15 ga Maris, 2014, Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ta kira masu neman aiki su rubuta jarrabawa a filayen wasa na manyan birane. Fiye da mutum 500,000 suka nema, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. Turmutsitsin da aka yi a wannan rana ya ci ran aƙalla mutum 16. Ko da ba a yi asarar rai ba, lissafi kaɗai ya isa ya nuna matsalar: in jami'i ɗaya zai ba kowace takarda minti biyu, yana aiki awa takwas a rana ba hutu, takarda 240 zai duba, watau sai ya yi fiye da kwana 2,000 kafin ya gama da 500,000.

Saboda haka hukumomi da kamfanoni suka koma ga kwamfuta. Hukumar JAMB ta mai da dukan jarrabawarta ta shiga jami'a a kan kwamfuta daga 2015. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ta intanet ya karɓi takardun masu nema. Hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, ta fara jarrabawar ƙwarewa a kan kwamfuta a 2017. A yau, a manyan wurare, mai nema yakan ratsa matatai uku ko huɗu a jere: manhajar tace takardu, jarrabawar kwamfuta, ganawa da masu ɗauka ko ido da ido ko ta bidiyo, wani lokaci kuma da gwajin aikin kansa. Kowace matata tana da abin da take riƙewa da abin da take bari ya wuce.

Matata ta farko: kuba da makulli

Ɗalibin ilimin halittu ya san labarin amilas, sinadarin nan na cikin yawu wanda ke narkar da sitaci. In aka haɗa shi da tuwo ko burodi sai ya kama aiki, amma in aka ba shi nama ko mai, ko kallonsu ba ya yi, duk da cewa su ma abinci ne mai gina jiki. A 1894 masanin kimiyyar haɗa sinadarai Emil Fischer, mutumin Jamus, ya kwatanta wannan da kuba da makulli: siffa ce ke buɗe ƙofa. Amilas ba ya auna darajar abinci, siffar ƙwayar kawai yake ganewa.

Haka manhajar tace takardu take aiki. Da mai nema ya aika takardar tarihin aikinsa, wadda aka fi sani da si-bi, sai manhajar ta warware ta gida-gida: suna, makarantu, shekaru, muƙamai, ƙwarewa. Daga nan sai ta fitar da waɗanda amsoshinsu a fam ba su cika sharuɗɗan da aka gindaya ba, kamar matakin digiri ko takardar bautar ƙasa. Sauran kuwa jami'i yakan binciko su ta hanyar buga kalmomin da ke cikin tallar aikin, wasu manhajojin ma suna jera su daga mafi dacewa zuwa ƙasa. Takardar da aka ɗauki hotonta da waya, ko wadda aka cika da zane da akwatuna, tana iya rikita manhajar har ta kasa karanta ta. Malamin da ya rubuta cewa ya yi shekara goma yana kula da ɗakin gwaje-gwaje, alhali tallar ta ce ana neman wanda ya san tsare lafiyar ɗalibai da ajiyar sinadarai, yana iya zama a ƙasan jeri, ko da yake wannan aikin ne yake yi kullum.

Masu ɗaukar aikin da kansu sun san da wannan aibi. A wani rahoto da Makarantar Kasuwanci ta Jami'ar Harvard ta fitar a 2021 tare da kamfanin Accenture, kashi 88 cikin ɗari na masu ɗaukar aikin da aka tambaya sun yarda cewa ana zubar da ƙwararrun da suka cancanta saboda ba su dace daidai wa daida da sharuɗɗan talla ba. Haka zalika na'ura tana iya gadon son zuciyar mutane. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin cewa kamfanin Amazon ya yi watsi da wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ya gina, domin ta koyi aiki ne daga takardun shekara goma waɗanda yawancinsu na maza ne, sai ta riƙa rage wa takardun da suka ambaci mata maki.

Darasin da ke nan ga tsohon ma'aikaci shi ne shirun da yake ji sau da yawa na nufin ba wani mahaluki da ya karanta takardarsa. Maganin kuwa shi ne ya gyara makullinsa ya dace da kubar: ya karanta talla da kyau, ya ambaci aikin da ya yi da irin kalmomin da aka yi amfani da su, muddin gaskiya ne ya yi shi, ya kuma rubuta takardar a sarari, shafi biyu, ba ado.

Me ke nuna wanda zai iya aiki?

Tambayar da ta fi ci wa tsohon hannu rai ita ce me ya sa ba a ɗauki yawan shekarunsa a matsayin shaida ba. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna binciken wannan. Hanyarsu ita ce su ɗauki makin da mutane suka samu lokacin ɗauka, su kwatanta da yadda suka yi aiki daga baya, su fitar da wani adadi tsakanin 0 da 1. In adadin 0 ne, to hanyar ba ta fi ƙuri'a ba. In ya kusa 1, to tana faɗin gaskiya kusan kowane lokaci.

A 1998 Frank Schmidt da John Hunter, masana biyu daga Amurka, sun tattara binciken shekara 85. Suka sami cewa gwajin aikin kansa ya ba da 0.54, jarrabawar kaifin tunani 0.51, ganawa mai tsari 0.51, ganawa marar tsari 0.38. Yawan shekarun aiki kuwa 0.18 kawai ya bayar, shekarun haihuwa kuma kusan sifiri. Bayaninsu shi ne sanin aiki yana ƙaruwa sosai a shekara biyar na farko, daga nan sai ƙarin ya ja da baya. Saboda haka adadin shekaru kaɗai ba ya bambanta wanda ya ci gaba da koyo da wanda yake maimaita abin da ya koya a shekararsa ta biyar.

A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake lissafin, suka nuna cewa an zuzuta wasu alƙaluman. A sabon jerinsu ganawa mai tsari ce ta zo ta farko da 0.42, jarrabawar sanin aiki tana biye da 0.40, ta kaifin tunani ta sauko zuwa 0.31. Abin da ake nufi da ganawa mai tsari shi ne a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya waɗanda suka shafi aikin, a ba da maki bisa ma'aunin da aka rubuta tun farko. Yawanci akan ce wa mai nema ya ba da labarin wata matsala da ya taɓa fuskanta da yadda ya warware ta.

Wannan albishir ne ga wanda ya daɗe a aiki, domin babu wanda ya kai shi tarin irin waɗannan labarai. Sai dai dole ya koyi tsara su: yanayin da aka shiga, abin da ke wuyansa, matakin da shi kansa ya ɗauka, da sakamakon da aka samu. Malamin da ya ce ya shekara 22 yana koyarwa bai ba masu maki abin rubutawa ba. Wanda ya bayyana yadda ya koyar da darasin ƙwayar halitta a shekarar da madubin ƙara girma ɗaya ya rage a makaranta, ya raba aji rukuni-rukuni, ya kuma faɗi yawan ɗaliban da suka ci jarrabawa, ya ba su shaida a hannu.

Duk da haka, wariya saboda shekaru gaskiya ce. David Neumark da abokan aikinsa sun aika takardun neman aiki na gwaji fiye da 40,000 a birane 12 na Amurka, masu kama da juna in ban da shekaru. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna cewa an fi kiran matasa, kuma mata masu shekaru su suka fi shan wariyar. A Nijeriya ma tallace-tallace da yawa suna sa iyakar shekaru, musamman ga matakin farawa. Saboda haka ya fi wa tsohon hannu ya nufi guraben da ke buƙatar gogewa, kamar shugabancin sashe, horar da ma'aikata ko duba ingancin aiki, da ya yi ta gogayya da sababbin masu digiri.

Ƙwaƙwalwar da ta manyanta

Masanin halayya Raymond Cattell ya raba basira gida biyu. Akwai ta warware sabon abu cikin hanzari, akwai kuma ta ilimin da aka tara. Binciken Joshua Hartshorne da Laura Germine na 2015, wanda ya ƙunshi dubban mutane, ya nuna cewa saurin sarrafa bayani yana kai ƙololuwa wajen shekara 18 ko 19 sannan ya fara sauka a hankali, alhali yawan kalmomin da mutum ya sani yana ci gaba da ƙaruwa har bayan shekara 60. Ke nan jarrabawar kwamfuta mai ƙayyadadden lokaci tana auna daidai ɓangaren da shekaru suka fi taɓawa. Wannan shi ya sa ƙwararre kan faɗi jarrabawar da ya san amsoshinta, agogo ne ya cim masa.

Ga kuma batun ido. Bayan shekara 40 ƙwayar madubin da ke cikin ido takan fara tauri, ta kasa lanƙwasawa don ganin abu na kusa. Mutum da yawa suna ɗauka kansu ne ya yi nauyi a gaban allon kwamfuta, alhali tabarau kawai suke buƙata.

Game da koyo kuwa, Hausawa sun riga sun ce gemu ba ya hana ilimi, kuma kimiyya ta zo ta tabbatar. A Landan, kafin a ba mutum lasin tuƙa baƙar tasi, sai ya haddace tituna kusan 25,000, abin da kan ci shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000 Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗannan direbobi, ta ga bayan wani sashe mai suna hifokamfus, wanda ke kula da tunawa da sanin hanya, ya fi na sauran mutane girma. Don a tabbatar koyon ne ya jawo haka, ita da Katherine Woollett suka bi masu koyo 79 tun daga farko. Sakamakon 2011 ya nuna cewa mutum 39 da suka ci jarrabawa sun sami wannan ƙari, waɗanda suka kasa kuwa ba a ga sauyi a nasu ba. Duk waɗannan manya ne. A Jamus ma, wani bincike na 2008 ya koya wa mutane masu kimanin shekara 60 wasan cilla ƙwallo uku sama ana cafewa, kuma bayan wata uku aka ga sauyi a ƙwaƙwalwarsu, ko da yake ba su kai matasa ƙwarewa ba.

Yadda ake koyon shi ma yana da muhimmanci. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna a 2006 cewa ɗaliban da suka karanta nassi suka gwada kansu sun fi tuna shi bayan mako ɗaya a kan waɗanda suka yi ta maimaita karatun. An kuma sani tun zamanin Hermann Ebbinghaus, a 1885, cewa karatun da aka rarraba cikin kwanaki ya fi zama da wanda aka dunƙule dare ɗaya. Saboda haka mai shirin jarrabawar kwamfuta zai fi amfana da rabin awa kullum yana amsa tambayoyi a kan allo, da agogo a gefe, fiye da kwana yana bitar littafi.

Jiki a gaban masu tambaya

Wanda ya shekara ashirin yana yi wa wasu tambayoyi yakan ji wani iri ranar da aka zaunar da shi a kujerar amsawa. Zuciya na bugawa, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, abin da ya sani sarai ya ɓace masa. Wannan aikin wasu ƙananan gaɓoɓi biyu ne da ke zaune a saman ƙoda. Da ƙwaƙwalwa ta hango barazana, cikin daƙiƙoƙi sai su saki sinadarin adirenalin, wanda ke ƙara bugun zuciya ya tura jini zuwa tsoka ya rage yawu. Bayan haka sai kotisol ya biyo, ya kai ƙololuwa cikin minti 20 zuwa 30. Tsarin ya dace da mai gudun zaki, amma yana rage aikin sashen gaba na ƙwaƙwalwa mai tsara magana, yana kuma wahalar da zaƙulo abin da aka ajiye.

Abin sha'awa shi ne ganawar neman aiki ita ce masana suka zaɓa don tayar da hankalin mutum a ɗakin bincike. A gwajin da Clemens Kirschbaum da abokan aikinsa suka tsara a Jami'ar Trier ta Jamus, aka buga a 1993, akan sa mutum ya yi jawabin minti biyar yana neman aiki a gaban alƙalai waɗanda ba sa murmushi, sannan ya riƙa debe 13 daga 1,022 da ka. Kotisol na mafi yawan mutane yakan ninka. Amma da aka maimaita gwajin ga mutum ɗaya a ranaku dabam-dabam, sai aka ga a yawancin mutane martanin yana raguwa. Jiki yana sabawa. Wannan shi ne hujjar kimiyya ta yin gwajin ganawa a gida: mutum ya sa abokai biyu su zauna su yi masa tambayoyi da gaske, ko ya ɗauki kansa a bidiyon waya ya kalla. Bugu da ƙari, jan numfashi a hankali tare da tsawaita fitar da shi yana motsa jijiyar da ke sassauta bugun zuciya, kuma ana iya yinsa a bakin ƙofa kafin a shiga.

Amfanin sanin nesa

Akwai ƙofar da ba ta bi ta manhaja. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa daga mutanen da ake haɗuwa da su jefi-jefi, domin aminan mutum abin da ya sani shi suka sani. A 2022 mujallar Science ta buga wani gwaji da aka yi a kan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, wanda ya tabbatar da cewa dangantaka mai matsakaicin nisa ita ta fi kai mutum ga sabon aiki. Tsohon malami yana da arzikin wannan: tsofaffin ɗalibai, abokan da aka yi maki na jarrabawa tare, waɗanda aka haɗu a taron ƙara wa juna sani. Neman labari da shawara daga gare su ya bambanta da neman a tsallake cancanta. Wajibi ne kuma a yi hattara da 'yan damfara masu buɗe shafukan bogi suna karɓar kuɗi da sunan sayar da gurbi. Kafin a ba da lambar shaidar ɗan ƙasa ko bayanan banki, a tabbatar tallar ta fito daga shafin hukumar ko kamfanin na ainihi.

Kammalawa

In aka koma ga malamin nan na farko, za a ga cewa abin da ya same shi yana da bayani. Manhaja ba ta gane takardarsa ba saboda siffarta, agogon jarrabawa ya kama shi a inda shekaru suka fi tasiri, kuma jikinsa bai saba da kujerar amsa ba. Kowanne daga cikin ukun nan yana gyaruwa cikin 'yan makonni ko watanni. Iyakar shekaru a talla da ƙarancin gurabe kuwa ba a hannunsa suke ba, don haka rashin samu ba kullum yake nuna gazawa ba.

Ga malaman da ke kan aiki yanzu, abin yi shi ne kowa ya buɗe littafi ya riƙa rubuta abin da ya cim ma a kowane zangon karatu, da alƙaluma, ya sabunta takardar tarihin aikinsa sau ɗaya a shekara, ya kuma koyi sabon abu ɗaya ko da ba a tilasta shi ba. Ga ɗalibai kuwa, yana da kyau su san cewa jarrabawar kwamfutar da suke shiryawa ba ita ce ta ƙarshe a rayuwarsu ba. Wanda ya iya buga rubutu da sarrafa kwamfuta a cikinsu yana iya zama da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko malaminsa rabin awa da yamma ya nuna masa, shi kuma babban ya koya masa yadda ake ba da labarin aikin da aka yi.